Wa Ya Cinye Gurbi na Biyu?

Saura kwana shida Babbar Sallar 2023, ranar Alhamis da hantsi, yayana ya kira ni. Ban taɓa jin ya tsallake gaisuwa ba sai ranar. "Kana ina? Zo yanzu, manhajar nan ta ƙi ni."

Yaya mai hoto ne. Ya fi shekara ashirin yana sana'ar a wani shago mai ƙofa ɗaya a cikin Kano, tun zamanin da ake wanke fim a ɗakin duhu. Duk wanda ya san shagon hoto ya san yadda makon Sallah yake: ga masu fasfo, ga masu son a gyara tsohon hoton mahaifi a sa a firem, ga yaran da za su cika ƙofa da sababbin kaya ranar Sallah da kashegari. A wannan karon kuma akwai albam biyu na biki da ya yi alkawarin miƙawa kafin ranar Arfa, ya ma riga ya karɓi rabin kuɗin.

Ba zan faɗi sunan manhajar gyaran hoton ba. Ba ta cikin manyan nan da kowa ya sani, ta wani matsakaicin kamfani ce a Turai. Abin da ya kamata a riƙe shi ne saye ya yi da guminsa, a 2016. Shaguna da yawa kwafin da aka fasa suke aiki da shi, irin wanda ake zuba wa mutum daga filasha, amma Yaya ya ce ba zai ciyar da iyalinsa da kayan aikin da bai biya ba. Abokan sana'a har zolayarsa suke yi. Saye ɗaya ne, babu biyan wata-wata, kuma takardar ta ce ana iya sawa a kwamfuta biyu. Ya buga takardar, aka yi mata leda, ya ajiye a durowa mai makulli, makullin kuma yana rataye a ƙusa a bayan labule.

Na same shi tsaye a kan kwamfutar, yaron shagonsa yana zaune a gefe ya yi tagumi. Manhajar tana neman lambar lasisi. Idan an sa, sai ta yi ta juyi kamar minti guda, sannan ta ce da Turanci ta kasa isa ga sabar kamfani, a duba intanet. Sun jona da datar waya, sun jona da ta maƙwabci, amsar ɗaya ce.

Maƙwabcin nan, mai buga katin biki, ya riga ya yanke hukunci: lambar jabu aka sayar wa Yaya tun farko, yau asiri ya tonu. Maganar ba ta rasa tushe ba, don akwai masu sayar da lambobi da araha a intanet, waɗanda aka saya da katin sata ko aka ɓalle daga lasisin wata ma'aikata, kuma irinsu kan mutu rana tsaka. Amma na karanta takardar da ke cikin leda. Rasit ne daga kamfanin kansa, da lambar ciniki da kwanan wata. Ban da haka, manhajar ba ta ce lambar ba ta da kyau ba. Cewa ta yi ba ta isa wurin da za a duba lambar ba. Waɗannan magana biyu ce daban, kuma wanda ya haɗa su zai yini yana neman abu inda ba a ajiye shi ba.

Na tambayi Yaya me ya canza a kwanakin nan. Ya ce babu komai. Kowa haka yake cewa, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya wuce mako biyu ya riga ya fita daga lissafin mutum. Ruwa dai ba ya tsami banza. Sai yaron ya yi gyaran murya.

"Maigida, akwai wani ɗan akwati da yake fitowa da safe idan na kunna. Yana nuna lamba, ina danna a bari sai anjima. Da talatin ya fara. Jiya goma ya nuna."

Yaya ya juyo. "Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Na ɗauka talla ce, Maigida."

Na ɗauki biro na yi lissafi a bayan ambulan. Idan Laraba 21 ga Yuni goma ne, to talatin ya faɗo ranar 1 ga wata. Na ce me aka yi ranar 1 ga Yuni? Nan Yaya ya dafe kai. A ƙarshen Mayu an yi hadari da tsawa, aka ɗauke wuta, da ta dawo ta zo da ƙarfi, kwamfutar ta mutu. Ya kai wa mai gyara, aka ce madabod ta ƙone, wato babban allon da komai na ciki yake manne a kansa. Aka sa masa wata ta hannu, aka mayar da faifan ajiyarsa yadda yake. Ya dawo da ita ranar 1 ga Yuni, ya kunna, hotunansa suna nan, manhaja tana buɗewa, ya gode wa Allah ya manta.

Ga abin da masu saye da yawa ba su sani ba. Ranar da ka sa lambar lasisi, manhajar tana duba kayan cikin kwamfutarka, lambobin allo da faifai da sauransu, ta haɗa su ta fitar da wata alama guda, kamar zanen yatsa, ta aika wa kamfani. Daga ranar, da wannan alama kamfani ya san ka, ba da fuskarka ba, ba da shagonka ba. Tsarin ba sabo ba ne. Microsoft ce ta kai shi gidan kowa da Windows XP a 2001, inda ake duba sassa goma na na'ura a ba mutum kwana 30 ya tabbatar da lasisinsa. Har yau kamfanin yana faɗa a fili cewa wanda ya canza madabod yana iya bukatar sake tabbatar da Windows ɗinsa. To haka manhajar Yaya ta yi. Ta farka ranar 1 ga Yuni ta ga baƙuwar na'ura, ta ba da wa'adin kwana 30.

Wannan ya warware kashi ɗaya, ya bar biyu. Wa'adi da sauran kwana tara, me ya sa ta rufe yau? Kuma me ya hana ta isa sabar?

Na buɗe burauza a kwamfutar in duba ko intanet ɗin ma yana tafiya. Maimakon shafi, sai gargaɗi ya fito cewa agogon na'urar yana baya. Na kai ido can ƙasan allo, kusurwar dama, inda ba wanda yake kallo. An rubuta 1 ga Janairu, 2012. Na shiga foldar da suke ajiye hotunan da aka gama, na jera su bisa kwanan wata: komai daidai har daren Laraba. Wato a daren nan ne abin ya faru.

A jikin kowace madabod akwai ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, CR2032 ake rubutawa a kansa, mai bolt 3. Aikinsa riƙe agogo lokacin da babu wuta. Allon da aka sa wa Yaya tsoho ne, batirinsa ma tsoho, ga shi shago ne da ake zare komai daga soket kowane dare saboda tsoron wata tsawar. Ya yi ta ja da ƙyar har mako uku, sannan ya sare, agogo ya koma shekarar da aka ƙera allon. Manhajar da ke ƙirga wa'adi kuwa ta san dabarar masu mayar da agogo baya don su tsawaita kwanakin gwaji. Da ta ga jiya 2023 yau 2012, sai ta ɗauka wayo ake yi mata, ta soke sauran kwanakin. Ita ma hanyar intanet agogon ne ya toshe ta, domin kowane amintaccen shafi yana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma na'urar da take ganin tana 2012 za ta ƙi takardar da aka bayar a 2023, a wurinta ranar ba ta zo ba tukuna.

Wurin mai gyaran agogo a bakin titi muka samo batirin. Muka sa, muka daidaita kwanan wata, burauza ta fara buɗe shafuka. Yaya ya yi hamdala, ya sa lambar da kansa. Ta yi juyi, ta yi juyi, ta sake cewa ta kasa isa ga saba. Tsugune ba ta ƙare ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, saboda wani tsoro da ban faɗa wa Yaya ba. Idan fa babu kowa a ɗaya gefen? Ya taɓa faruwa. A Disamban 2012 Adobe ta kashe sabar da ke tabbatar da lasisin CS2, jerin manhajojinta na 2005 wanda Photoshop yake ciki. Mutanen da suka saya da kuɗinsu ba su da hanyar sake sawa a sabuwar na'ura, sai da kamfanin ya fitar da wani kwafi da lamba ta musamman da ba sa neman saba. A Janairun 2013 labari ya bazu cewa Photoshop ya zama kyauta, har sai da kamfanin ya fito ya ce don masu lasisi kaɗai aka yi. A Mayun 2013 kuma Adobe ta sanar da cewa sababbin manhajojinta sai dai haya, CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da ake saye a mallaka. Wannan babban kamfani ke nan, mai ƙarfin da zai yi wa mutanensa wata ƙofa. Ƙarami fa, in ya rufe ko wani ya saye shi? Manhajar shekara bakwai ba yarinya ba ce.

Da safiyar Juma'a na yi gwaji mai sauƙi. Na buɗe shafin kamfanin na shiga asusu a wayata, ya buɗe nan take. Na buɗe shi a kwamfutar, da datar wayar nan tawa, ya ƙi. Sauran shafukan duniya duk suna buɗewa, na wannan kamfani kaɗai ne ba ya zuwa. Hankalina ya ɗan kwanta: kamfani yana raye, shingen a cikin kwamfutar yake.

A nan idona ya faɗa kan wani tambari a fuskar allo da ban san shi ba. Manhajar haɗa bidiyo ce, kuma ta kamfanin nan ce dai.

"Yaya, wannan ma saya ka yi?"

"A'a. Mai gyara ne ya sa, ya ce gyara ce ya yi mini tunda na yi ciniki mai yawa. Ban ma taɓa buɗe ta ba."

A cikin Windows akwai wani ɗan fayil mai suna hosts, can cikin foldar System32. Kamar littafin adireshi ne na cikin gida: kafin kwamfuta ta tambayi duniya ina wane shafi yake, nan take fara dubawa. Na buɗe shi da Notepad. A ƙasa ga layi goma sha ɗaya, kowanne ɗauke da adireshin wata saba ta kamfanin, a gabansa an rubuta 127.0.0.1. Wannan lamba ma'anarta ita kanta kwamfutar. Wato duk lokacin da manhaja ta aika saƙo gida, sai a juyo da ɗan aiken ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya fito. Masu fasa manhaja ne ke zuba waɗannan layuka don kada kwafin sata ya kai ƙara. Sai dai shingen bai san na halal da na haram ba. An gina shi don ya kare bidiyon da ba a biya ba, ya tare hoton da aka biya.

Ba na ganin mai gyaran da mugun nufi. Abin da yawancin masu zuwa wurinsa suke roƙo ke nan, shi a ganinsa alheri ya yi. Amma da ya tambaya kafin ya zuba, da kwana biyun nan ba su salwanta ba. Na cire manhajar bidiyon, na goge layukan, na kunna rigakafin cutar kwamfuta da aka kashe lokacin zubawar, na bar shi yana bincike muka tafi masallaci.

Bayan an sauko Juma'a Yaya ya sake sa lambar. Wannan karon babu dogon juyi. Amsa ta zo cikin daƙiƙa biyu, sabuwa fil: an riga an yi amfani da wannan lamba a kwamfuta biyu, babu sauran gurbi.

Na fassara masa. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Biyu? Ni ɗaya na taɓa sawa."

Shagon ya yi tsit. Yaya ya zaro kuɗi ya aiki yaron sayen fetur a galan, ya jira har ya ɓace, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Yaron ya sayi laftof bara. Da daddare yana gyara wa abokansa hotuna. Sau biyu Yaya ya yi tafiya ya bar masa shago da makullin durowa. Biri ya yi kama da mutum, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta fara kai ni can kafin ya buɗe baki. Ga shi yaron amana ne, mahaifinsa ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Na roƙi Yaya kada ya ce masa komai, kada kuma ya nemi ganin laftof ɗin, don neman ganin shi kansa tuhuma ce. Ya bari mu ji daga kamfani. Ya yarda, amma ya miƙe ya zare makullin daga ƙusa ya sa a aljihu. Da yaron ya dawo da galan, wurin ƙusar ya fara kallo. Bai ce komai ba. Ya zuba fetur a inji ya koma kujerarsa.

Tuntuɓar kamfanin ma ta zo da nata ƙulli. A 2016 Yaya ba shi da katin da zai yi sayayya a waje, ɗan kawunmu da ke karatu a Malesiya ne ya saya masa da katinsa da imel ɗinsa. A littafin kamfani shi ne mai lasisi, kuma daga wannan imel kaɗai za su saurari magana. Muka same shi a waya, ya yi ta lalube har ya tuno kalmar sirrin tsohon akwatinsa. Na rubuta masa abin da zai aika: lambar ciniki, bayanin ƙonewar allo, roƙon a saki gurbin da ya mutu. Na ƙara layi ɗaya da na fi damuwa da shi a kan duk sauran, cewa su gaya mana ranakun da aka cike guraben nan biyu.

Asabar da Lahadi ba a aiki a can. Masu fasfo muka riƙa sallama da GIMP, wadda kyauta ce kuma halal, amma albam ɗin biki ba su motsa ba, domin duk gyaran da aka yi musu yana cikin kundin manhajar da ta kulle, wata ba ta iya karanta shi. Yaya ya fara maganar ya sayi sabon lasisi kawai. Lissafin bai fita ba. A tsakiyar watan Yunin aka saki naira, dala ta yi tsalle. An cire tallafin fetur tun 29 ga Mayu, kuɗin tayar da inji ya ninka kusan sau uku. Ga bankuna da yawa sun dakatar da sayayyar waje da katin naira. Kwana biyun nan Yaya da yaronsa aiki kawai suke yi, magana ba ta wuce miƙo wannan, ɗauki wancan.

Litinin 26 ga wata, wajen azahar, amsa ta iso. Gurbi na farko: 2016, a kan Windows 7. Gurbi na biyu: Disamban 2019, a kan Windows 10.

Na karanta wa Yaya. Na tambaye shi wace shekara aka kawo yaron. Ya yi shiru, sannan ya ce 2021, bayan ƙaramar Sallah.

Ya sunkuya ya jawo tsofaffin littattafan cinikinsa daga ƙarƙashin kanta. Mutum ne mai rubuta ko kuɗin ruwan leda. A shafin Disamban 2019, da rubutun hannunsa, ga shi nan: sabon faifai da zuba Windows. Sai labarin ya dawo masa. An ce masa Microsoft za ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ga faifansa ya fara ƙara, sai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Da aka dawo da kwamfutar manhajar ta nemi lamba, ya buɗe durowa, ya sa da hannunsa, ta karɓa ba gardama. Ta karɓa ne domin akwai gurbi na biyu a buɗe. A lissafin wannan kamfani, sabon faifai da sabon Windows sun isa a kira na'ura sabuwa. Na farkon kuwa ba wanda ya sake shi, domin ba wanda ya gaya wa Yaya cewa a cikin jerin taimako na manhajar akwai wurin da ake dannawa a sauke lasisi kafin a taɓa na'ura.

Kwamfuta ɗaya ce, a akwati ɗaya, a kusurwa ɗaya tun 2016. Kamfani ya ƙirga ta uku.

Ban ga laifin kamfani ba da yake tsare kayansa, masu rubuta manhaja su ma guminsu suke ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lafazin saƙon. Ranakun nan biyu suna hannunsu, layi biyu ne kacal, da sun nuna su a kan allo tun ranar Juma'a da ba a aiki kowa sayen fetur ba. A ofishin da aka rubuta shi, "an yi amfani da ita a kwamfuta biyu" bayani ne kawai. A shagon da mutum biyu kaɗai ke taɓa durowa, nuna yatsa ne. Sannan allon da tsawa ta ƙona ba ya tashi ya sauke lasisi, don haka duk taka-tsantsan ɗin mai saye, akwai ranar da zai dogara da cewa wani mutum a can nesa yana nan, zai buɗe imel, zai kuma yarda da shi. Mu mun dace akwai shi, ya saki guraben biyu duka, ya kuma mayar da lasisin kan imel ɗin Yaya da ɗan kawu ya nema.

Kafin la'asar manhajar ta buɗe, albam ɗin suna nan yadda aka bar su daren Laraba. Yaya bai zauna ba. Ya kira yaron, ya zaro makullin daga aljihu, ya mayar a ƙusa a gabansa.

"Na zarge ka a zuciyata. Ban kyauta ba. Ka yafe ni."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Na gane tun ranar, Maigida. Ban riƙe ka ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Daga nan Yaya ya yago farin salatif, ya liƙa a gefen akwatin kwamfutar, ya rubuta da maka: a sauke lasisi kafin a kai gyara, batir 22/6/2023. Suka tayar da inji suka raba dare a kan hotunan amare. Ranar Arfa da hantsi dangin ango na farko suka zo karɓar nasu, yaron ne ya miƙa musu.